Tsatsar Bindigar Baba

Litinin, 7 ga Yuli, bayan azahar

Wannan littafi ragowar rajistar makaranta ne da na ajiye tun da na yi ritaya. Shekara talatin da ɗaya ina rubuta sunayen 'ya'yan mutane a irinsa, yau ga ni zan rubuta abin da ba na iya faɗa wa nawa ɗan. Ni ce dai Sakinatu, tsohuwar shugabar makaranta, ɗiyar Khamis Maƙerin Fari. In wani ya tsinci littafin nan bayan raina, ya sani ba mai raki ce ta rubuta shi ba.

Yau kwana goma sha ɗaya da dawowar Suhaibu. Yana cin abinci. Raunin ƙafarsa yana warkewa. Masu zuwa barka da arziki sun ragu, alhamdu lillahi, don na gaji da masu ƙura masa ido suna jiran ya ba su labari. Shi kaɗai ne ɗana namiji, shekararsa talatin da huɗu, injiniyan ruwa ne a Abuja, da matarsa Umaima a gidan nan tare da ni. Tun da ya dawo bai taɓa zama ya ba ƙofa baya ba.

Su biyu suka tafi gonarmu ta Chaza ranar, shi da abokinsa Joshuwa. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Talata, 8 ga Yuli, da hantsi

Ya shigo ɗakina yau, abin da bai yi ba tun dawowarsa. Na ɗauka gaisuwa ce. Ya zauna a bakin gado yana ta kallon akwatin ƙarfen Baba, can ya ce, "Mama, bindigar Kaka tana nan?"

Na ce, ina za ta?

Na buɗe na ciro masa ita cikin tsohon rawanin da take naɗe. Ƙaramar bindiga ce, tsawonta bai cika kamu ɗaya ba, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, dutsen ƙanƙara ke tada mata wuta. Ƙotarta baƙin itace ce da zanen azurfa. A gefenta akwai hatimin maƙerin da ya ƙera ta, ɗan jirgin ruwa da wasu baƙaƙe da ba mu taɓa sanin na wace ƙasa ba ne. Kakan Baba ya karɓe ta hannun fataken Larabawa a Zariya, ladan aikin azurfa da ya yi musu, ya zo da ita garin nan. Ba ta taɓa harbin kowa a hannunmu ba. Ta yi baƙi ƙirin don tsufa, saboda mai kawai Baba ke shafa mata ya mayar.

Da Baba zai rasu, ga 'ya'yan ƙannensa maza huɗu a zaune, ni mace ya miƙo wa ita. Har yau akwai wanda bai huce ba a cikinsu. Ni kuwa ko a jikina. Ni ke goge masa kaya tun ina 'yar shekara bakwai, babu munduwar da ta fita daga maƙerarsa ba ta bi ta hannuna ba. Su suna ina a lokacin? Suna ƙwallo a filin makaranta.

Suhaibu ya juya ta gaba da baya, ya ɗauki hotonta da waya, ya miƙo mini. Ban tambaye shi dalili ba. Na ji daɗi dai da ya shigo.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan la'asar

Wayarsa ta yi ƙara, ya zabura har ya zubar da kunu. Ashe 'yan talla ne.

Alhamis, 10 ga Yuli, bayan magariba

Ashe ɗaukar hoton nan da dalili.

Ya ce akwai wani Alhaji Abdulsalami, mai sayar da kayan tarihi a Abuja, ya ga hoton ya rikice. Wai yana da mutumin da ke tara irin waɗannan tsofaffin bindigogi a cikin gilashi, ba don harbi ba, don kallo. Na ce ikon Allah, a tara bindiga don kallo, lallai wasu sun ƙoshi.

"Ba sayarwa za mu yi ba, Mama," in ji shi. "Exchange ne. Mu ba shi ta Kaka, shi kuma ya san inda zai samo mini wannan."

Ya nuna mini a waya. Baƙa ce, gajera, babu zane babu komai, kamar rimot ɗin talabijin. Na ce wa ya ƙera ta? Ya ce inji. Ya ce harsashi goma sha biyar take ci, ba ta ƙi, ba ta jiran a ɗura mata gari. Yana faɗa idonsa na ƙyalli, rabon da in ga haka a fuskarsa tun kafin abin nan.

Na ce, "Takardar izini fa?"

Sai ya ce, "Su waɗancan takarda gare su?"

Wannan ne karo na farko da ya ambace su a gabana. Na so in yi masa faɗa irin na da, amma na fasa. Na ce zan yi tunani.

Juma'a, 11 ga Yuli, da safe

Raina a ɓace yake. Hannu uku ta bi a gidanmu kafin ta iso nawa, yunwa ba ta raba mu da ita ba, gobarar kasuwa ba ta raba mu da ita ba, sai ni da Baba ya zaɓa zan miƙa ta a musanya da rimot. Na san abin da 'ya'yan ƙannen Baba za su ce: dama an faɗa.

To amma shi ba ya barci, Umaima ta gaya mini. Kuma ba shi da wani abin da zai bayar a musaya in ba ita ba. Abin da muke da shi duk ya tafi wajen biyan kuɗin fansa a kwanakin da ba ya nan, har gonar.

Asabar, 12 ga Yuli, bayan la'asar

Na je Chaza gaida mahaifiyar Joshuwa. Ba ta karɓar ta'aziyya. Ta ce ba ta ga abin da za a yi mata ta'aziyya a kai ba, ɗanta tafiya ya yi. Ta dafa mini doya, ta tambaye ni ƙafar Suhaibu. Ta ce, "Mama Suhaibu, ki ce masa ya zo, ni ban riƙe shi da komai ba. So nake in tambaye shi abu ɗaya kawai." Na ce zan faɗa masa. Ban faɗa ba tukuna.

A hanyar dawowa duk babur ɗin da ya wuce mu sai na zabura na waiwaya. Ni Sakinatu, da na taɓa korar 'yan daba daga harabar makaranta da tsintsiya! In ni da ban ga komai ba haka nake ji, shi fa?

Na dawo na ce masa na yarda. In ƙarfen Baba ne zai sa ɗana ya rintsa, a ɗauka. Ya durƙusa ya riƙe hannuna. Na ce tashi, ba na son shashanci.

Lahadi, 13 ga Yuli, da azahar

Alhaji Abdulsalami ya zo. Dattijo ne mai ladabi, da farar riga da ɗan tabarau, ba irin wanda na ƙiyasta ba. Da na warware rawanin sai ya yi salati. Ya goge hannunsa kafin ya ɗauke ta. Ya ciro wani ɗan gilashi ya daɗe yana duban hatimin.

"Hajiya, wannan orijinal ce," ya ce. "Shekara arba'in ina wannan sana'a, biyu kawai na taɓa gani irinta, su ma ba su kai ta ba."

Na ce ai na sani. Amma ba zan ɓoye ba, kaina ya yi girma. Na ba shi labarin kakan Baba tun daga Zariya, ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba.

Zai dawo ranar Alhamis ya ɗauka. Da zai tafi ya ce kada in wahalar da kaina da komai, a bar ta yadda take. Irin maganar baƙo ce, kamar wanda zai ce kada a ɗora masa tukunya. A gidanmu ƙarfe ba ya fita da dauɗa. Ko cokalin aro ne Baba ba ya bari a mayar sai an ga fuska a jikinsa, balle wannan da za ta shiga gidan manya a Abuja da sunanmu. So ake a ce daga gidan ƙazamai ta fito?

Litinin, 14 ga Yuli, bayan azahar

Suhaibu ya fita tun da safe, ya ce ya koma aiki. Na jiƙa tsamiya. Na sa Umaima ta tankaɗe mini toka sau biyu. Ta ce, "Mama, anya ba za a tambayi Alhajin nan ba?" Na ce ke, ni za a koya wa goge ƙarfe? Tun ba a haifi uwarki ba nake yi.

Da wuƙar Baba na kwance kusoshin, guda biyar, na jera su a kan faranti. Ba wanda ya ƙi fita.

Talata, 15 ga Yuli, da yamma

Baƙin nan taurin kai gare shi. Tsamiya ta ci rabinsa, sauran sai da na haɗa da lemun tsami da yashi mai laushi. Yatsuna sun yi kanta, amma hannun bai manta ba. Zanen azurfar da muke gani kamar tsutsa ashe ganyaye ne da furanni, har da wani ɗan tsuntsu a gindin ƙotar da ko Baba ba na tsammanin ya taɓa ganinsa.

Na yi ta hira da Baba a raina ina aikin. Na ce ka yi haƙuri, jikanka ne.

Laraba, 16 ga Yuli, da la'asar

Na gama. Na shafe ƙotar da man kaɗanya, na mayar da kusoshin. Na ɗaga ta a rana sai da na rufe ido. Wallahi ko ranar da ta fito daga hannun maƙerinta ba ta fi haka ba. Na wanke rawanin ma na goge. Ban nuna wa Suhaibu ba, gobe ya gani tare da baƙonsa.

Alhamis, 17 ga Yuli, bayan la'asar

Ban san ta inda zan fara ba.

Na warware rawanin a gabansu ina jiran salati. Salatin kuwa aka yi, amma ba irin na ranar Lahadi ba. Alhaji ya cire tabarau ya dafe kai.

"Hajiya, me kika yi?"

Na ce gogewa na yi, ko akwai inda na bari?

"Baƙin nan shi ake nema, Hajiya! Shi ne shekarun. Shekara ɗari da wani abu kika wanke da tsamiya. Yanzu duk wanda ya gan ta cewa zai yi jiya aka buga ta a Bida."

Suhaibu ya miƙe tsaye. "Mama, why? Why? Wa ya sa ki?" Bai taɓa ɗaga mini murya ba sai yau, kuma a gaban baƙo.

Kunya ta kama ni har ƙafata. Amma tun da littafina ne zan faɗi gaskiya: da ya ce za a ɗauka sabuwa ce, wani ɓangare na zuciyata ya yi murmushi. Tsohuwa 'yar sittin da biyu, da toka da tsamiya.

Alhaji ya sake ciro gilashinsa. Ya ce Allah ya taimake mu hatimin yana nan lafiya, kuma muddin yana nan masu sani za su gane ta. Sauran kuwa akwai dabara. A shafe ta da gishiri, a naɗe ta a jiƙaƙƙen buhu, a binne ta kwana goma inda ruwan wanke-wanke ke bi. Za ta yi tsatsa ta koma kamar tsohuwa. Ya ce haka suke yi wa kaya da yawa. Na dube shi, na ce ashe shekara arba'in ɗin ta ƙunshi abubuwa. Ya yi kamar bai ji ba.

Na ce bindigar Baba ba ta shiga kwata. Suhaibu bai ko kalle ni ba. Ya ɗauki fartanya ya zaga bayan gida.

Juma'a, 18 ga Yuli, da hantsi

Ban zubar da ruwan wanke-wanke a can ba. Na ɗauki bokitin har bakin titi.

Asabar, 19 ga Yuli, da azahar

Ruwa tun asuba. Ina zaune ina jin sa yana sauka a bayan gida. Kwana uku na yi ina fitar da hasken nan.

Suhaibu ya gaishe ni da safe, gaisuwa ta daga bakin ƙofa.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan la'asar

Tanimu ya zo. Shi ke kula mana da gonar Chaza shekara goma sha biyu, yanzu da ta bar hannunmu ya koma gasa masara a bakin hanya a Madalla. Ya zo da ɗanyar masara a buhu, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce ya daɗe yana son zuwa, nauyi yake ji.

Suhaibu ya fito. Tanimu ya miƙa hannu biyu yana cewa, "Yallaɓai, barka da arziki." Suhaibu ya dubi hannun, ya dubi fuskarsa, ya daɗe, sannan ya juya ya koma ciki. Hannun bawan Allah ya tsaya a iska, sai ya mayar da shi aljihu.

Ni na haifi Suhaibu, ni na koya masa gaisuwa. Ban taɓa ganin wannan kallo a idonsa ba, kuma bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Talata, 22 ga Yuli, da hantsi

Umaima ta shigo ta rufe ƙofa. Yarinyar nan ba ta da surutu, shi ya sa da ta ce tana da magana na ajiye carbi.

Ta ce ba aiki yake zuwa ba. Hutu aka ba shi har ƙarshen wata. Yayarta mai shago a Madalla ta ga motarsa kwana biyar a jere, yana ajiye ta tsallaken titi daidai inda Tanimu ke gasa masara. Ba ya fitowa, ba ya sayen komai, zama kawai yake yi har Tanimu ya tashi.

"Mama, ina jin tsoro," ta ce. "Ba tsoron waɗancan ba."

Na ce ta share hawayenta, a gidan nan ba a kuka da rana tsaka. Da ta fita na sake ɗaukar carbina.

Laraba, 23 ga Yuli, bayan magariba

Na kira shi. Na ce in sabuwar ta zo, ina za ka ajiye ta?

"A mota."

Na ce ai na ɗauka don gida ce, don mu kwana da kwanciyar rai.

Ya ce, "Mama, mutum uku ne suka san ranar da za mu je gona. Ni, da Joshuwa." Bai faɗi na ukun ba.

Na ce, "Ka tabbata, ko zato kake?"

"Zai faɗa da bakinsa."

"In bai faɗa ba fa? In ba shi ba ne fa?"

Ya tashi ya fita. Ni ban san ko Tanimu na da hannu ba. Allah shi ne masani. Abin da na sani shi ne Suhaibu ma bai sani ba, kuma saura kwana huɗu a tono bindigar Baba a ba shi wadda ba ta ƙi.

Alhamis, 24 ga Yuli, da azahar

Na juya maganar ta kowace fuska. In na ce na fasa, shi ya binne ta, ya san wurin, fartanya kawai zai ɗauka. In na ɓoye ta, gidan nan ɗaki nawa ne? In na kai wa 'ya'yan ƙannen Baba, kafin sati ta isa hannun Alhajin nan ta wata ƙofa, su kuma su samu abin faɗa har jikoki. In na kai ƙara wurin manya, na tona wa ɗana asiri da bakina. Na yi tunanin jefa ta a rafi, zuciyata ta ƙi.

Alhaji da kansa ya faɗi abin da ya rage mata: hatimin.

Na buɗe akwatin Baba na ciro kayan aikinsa. Magagarinsa na kankare ƙarfe guda uku ne. Na ɗauki na tsakiya.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan an sauko daga masallaci

Ya tafi masallaci ƙarfe ɗaya saura. Ƙasar a jiƙe take, ba ta ba ni wuya ba. Umaima ta leƙo ta gan ni durƙushe a bayan gida, ta koma madafa ta ƙara wa rediyo murya. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka.

Kwana takwas kacal, ta yi ja kamar tsohon gwangwani. Ɗan jirgin ruwan kaɗai ke nan tsaf. Na dube shi da kyau, don in riƙe shi.

Magagarin Baba har yanzu yana ci. Ban yi gaggawa ba, ban kuma karkace ba. Na mayar da ita cikin buhunta na rufe ramin yadda na same shi, na yi alwala na yi azahar.

Asabar, 26 ga Yuli, da safe

Kafaɗata na ciwo. Ban ci komai ba jiya.

Lahadi, 27 ga Yuli, bayan la'asar

Alhaji ya zo da wata 'yar baƙar jaka da bai yarda ya ajiye ta ƙasa ba. Suhaibu ya tono buhun. Alhaji ya goge ƙasar da tsumma yana cewa madalla, ta yi kyau, ta kama. Ya juya gefen hatimin. Ya sa gilashi. Ya cire gilashin ya shafa wurin da babban yatsa.

Babu jirgi, babu baƙaƙe. Fili ne sumul.

Ya ɗago ya dube ni, bai dubi Suhaibu ba. Ya ce, "Wannan aikin gwani ne, Hajiya." Na ce na gode. Ya ce yanzu ƙarfe ne da itace, ko kyauta mutuminsa ba zai karɓa ba. Ya ajiye ta a kan tabarma a hankali, ya rungumi jakarsa ya yi sallama.

Suhaibu ya ce, "Mama, kin san abin da kika yi?"

Na ce na sani.

"Gadonki ne fa. Abin da kike taƙama da shi ke nan duk duniya."

Na ce, "Ba shi ke nan ba."

Ya faɗi maganganu. Ba zan rubuta su ba, don ba na so wata rana ya karanta ya ji kunya. Na tsaya a tsaye har ya gama, ban zauna ba, ban sunkuyar da kai ba. Ya ɗauki makullin mota ya fita.

Litinin, 28 ga Yuli, da hantsi

Bai kwana a gida ba. Wayarsa a kashe.

Talata, 29 ga Yuli, bayan magariba

Bai dawo ba.

Na shiga mota na tafi Madalla. Na sami Tanimu yana fifita garwashi. Na ce masara na zo saya, kuma ƙafata na ciwo, ya ba ni benci. Na zauna a gefensa tun hantsi har ya kashe wuta. Hayaƙi ya cika mini ido, manyan motoci na ta feso mana ruwan kwata. Tsofaffin ɗalibaina biyu sun wuce sun gan ni, ɗaya har ta tsaya tana cewa, "Hajiya, lafiya? Ke ce a nan?" Na ce ni ce, ko an hana?

Tanimu bai tambaye ni komai ba. Sau ɗaya kawai ya dubi tsallaken titi ya ce, "Yau bai zo ba." Ashe yana ganinsa duk kwanakin nan.

Masara huɗu na ci. Haƙorana za su ba ni labari gobe.

Laraba, 30 ga Yuli, da la'asar

Ya dawo da azahar, wandonsa duk taɓo har gwiwa. A Chaza ya kwana uku. Ya ce ya fita ne bai san inda za shi ba, ya tsinci kansa a ƙofar gidan su Joshuwa. Tsohuwar ta yi masa tambayarta guda ɗaya, ya ba ta amsa. Daga nan ya taya ta noman dawarta da ciyawa ta cinye. Gobe danginsu za su fara zaman makoki.

Sannan ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata ya faɗa mini duka, tun daga ranar farko har ta ƙarshe. Na saurara. Ba zan rubuta ba, yau ko gobe.

Maganar Tanimu ya ce zai kai abin da yake zato wurin hukuma su bincika. Ko zai je ko ba zai je ba, ban sani ba. Ya ci tuwo kwano ɗaya da rabi, ya kwanta a nan falo, barci ya ɗauke shi da rana.

Alhamis, 31 ga Yuli, da hantsi

Ya shigo da ita da safe. Ya wanke mata ƙasar, ya shafa mata mai, an ga dai ya yi ƙoƙari, ko da yake ya bar gishiri a gindin kunamar. Tsatsar ta ci zanen, ɗan tsuntsun nan rabinsa ya tafi. Ya zauna yana ta shafa wurin da na goge da yatsa.

Ya ce, "Mama, da kike yi, bai yi miki ciwo ba?"

Na ce, "Ciwon me? Ƙarfe ne fa. Tashi ka shirya, za ku makara wurin zaman makoki."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya tashi.

Ƙarya na yi masa. Tun da Baba ya rasu ban yi kuka irin na ranar Juma'a ba, ina goga ina share ido da kafaɗa don kada hannun ya karkace. Ɗazu na gwada zana jirgin a bayan littafin nan, sau uku, bai fito daidai ba.

Ga shi can a tsakar gida yana kiran Umaima ta nemo masa hularsa.